Rabon Baƙo a Tsohon Murhu

Shekarar da aka raba wa 'yan makaranta ƙananan tutoci aka ce Bature ya miƙa mulki, a ranin wannan shekarar injin rake ya cinye hannun Bakane. Ina riƙe da shekarar ne saboda tutar. Ɗan mai inji ya zo da tasa tutar daga Makarfi, aka soke ta a jikin rumfar da muke dafa mazarƙwaila, tana nan har hayaƙi ya mai da ta baƙa. Sallar layyar da ta biyo baya nake so in rubuta, yanzu da hannuna ya fara sabawa da alƙalami a ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ya ce kowa ya rubuto labarin garinsu. Na san abin da sauran za su kawo, labarin fatalwar tsohon murhu, don shi ne labarin da muke da shi. Ni ma shi zan kawo, sai dai ta inda na gan shi.

Ƙauyenmu yana bakin fadama tsakanin Makarfi da Kudan. Rake ne arzikinmu, ko in ce arzikin masu fadama. Da rani a kafa inji, a ɗaura doki yana zagaye, mutum ɗaya na cusa rake a bakin ƙarfe, ruwan na zuba, wasu na dafawa a manyan kasake har ya yi kauri a zuba a tasoshi ya daskare. Mu da ba mu da fadama mu ne masu sara da ɗauka da hura wuta. Ba ma isa aikin, don haka kowace shekara 'yan ci-rani sukan sauko daga arewa, su kafa bukkoki a bakin rake, aiki ya ƙare su koma.

Labarin fatalwar kuwa, ranar jajiberen Sallah ake ba da shi, mata na daka, yara na zaune a gindin turmi. Wai zamanin da aka fara kawo inji ƙasar nan, akwai wani baƙo ɗan ci-rani da ke hura wuta a murhun farko, can ƙarshen fadama. Aiki ya ƙare, aka kwance inji, abokan tafiyarsa suka koma gida, shi ciwo ya kwantar da shi a bukka. Sallah ta zo, gari ya shiga hidima. Sai da aka gama suya aka gama rabo, sannan ungulaye suka nuna wa mutane inda yake. Ba wanda ya san sunansa, ba wanda ya san garinsu. Tun daga nan, wai duk ranar Sallar layya da rana tsaka sai a ga hayaƙi na tashi daga murhun da ya daɗe da mutuwa, a ga mutum tsugune yana juya kaskon da ba komai a ciki. Siriri ne, ana ganin haƙarƙarinsa daga nesa. Ya ɗaure cikinsa da igiya. Ƙafarsa ba takalmi, duk faso. Ba ya bin kowa, ba ya jifa. In ya ɗago ya gan ka, tambaya ɗaya yake yi: "An sauko?" Wato daga idi. Wanda ya amsa masa, wai ba zai ga wata Sallar ba.

Ina yaro igiyar nan ta fi komai ba ni tsoro. Na ɗauka wani ɗaurin aljanu ne. Sai da na girma na ɗaure nawa cikin da bazara don in iya kai kunyar noma ƙarshe, na gane ba aljani a cikinta. Haƙarƙari, faso, kasko wofi: ka tsaya a bakin gonar kowane mai fadama a watan da rumbu ya yi ƙasa, za ka ga irin fatalwar nan a jere suna riƙe da fartanya. Tambayar ma ta mai yunwa ce, mai jiran a sauko a yanka ko za a tuna da shi. Amma ba haka ake ba da labarin ba. Ana ba da shi ne don a ji tsoro, kuma tsoro ya fi kunya sauƙin ɗauka.

Daga labarin ne aka sami abin da muke kira rabon baƙo. Kowa ya san ranar Sallah kayan ciki ake soyawa, naman sai washegari ake raba shi. To a garinmu, kafin kowa ya sa hanta a baki, sai an ɗebi ta farko, da malmalar tuwo, tsohuwar gidan ta ɗauka ta kai tsohon murhu ta juye a kan duwatsun, don kada baƙon ya gaji da jira ya shigo gari. Mai kai rabon ba ta gaida kowa a hanya, ba ta amsa gaisuwar kowa, ba ta waiwaye, har sai ta dawo ta wanke hannu. Liman yakan ce wannan ba ya cikin addini. Uwarsa ma takan kai nasu. Karnuka da shaho su ne suka san daɗin al'adar.

Bakane ya fara zuwa mana ci-rani shekaru kaɗan kafin tutar, shi da matarsa mai dama wa ma'aikata kunu. Tun ranar da ya ji ni Bazazzagi ne ya mai da ni abokin wasansa.

"Kai bawana," zai ce tun daga nesa, "zo ka karɓi kayan ubangidanka. Ku Zagezagi Allah ya ba ku rake ya hana ku dabara, da ɓawonsa kuke ci."

Ni kuma in ce, "Sannu Bakane. Wa ka sayar wa inuwarka yau, na gan ka kana tafe ba ita?"

"An taya, ban sallama ba. Sai ranar kasuwar Makarfi."

Shi ke cusa rake a inji, aikin da ke son hankali, kuma ya iya shi. Ranar da abin ya faru bakin rigarsa ƙarfen ya fara kamawa. Muka yi ihu, amma dokin da aka rufe wa ido bai san ihun tsayawa da na kora ba, sai ya ƙara sauri. Kafin a riƙe linzami hannun dama ya shige har gwiwa. Aka sa shi a motar da ta zo ɗaukar mazarƙwaila zuwa Zariya. Ya dawo da dungu a naɗe cikin farin ƙyalle, ya ɗaga mini shi ya ce, "Ka gani, sun rage mini kaya. Yanzu kai za ka riƙa sa mini hula."

Bai koma Kano ba. Ya ce a gidansu baki sun fi hatsi yawa, ba zai kai musu wani bakin ba tare da hannu ba. Ba a daɗe ba 'yan'uwan matarsa suka zo suka tafi da ita ganin gida, ganin da bai ƙare ba. 'Yarsu, da yake an yaye ta, aka bar wa ubanta.

Mai inji ya yi abin da gari ya yaba masa. Ya ara wa Bakane wani tsiri na gona a gefen fadama, inda tudu ya fara, ya bar masa bukkar da ke wurin, ya kuma ce in rani ya dawo zai sa shi hura wuta, tunda wuta ba ta buƙatar hannu biyu. Wannan tsirin gona da wannan alkawari su ne duk abin da Bakane ya mallaka. Lissafinsa ɗaya ne: shi da yarinyar su kai ga nunar gero. In sun kai, sun tsira, sun zama 'yan gari. Da ruwan farko ya sauka na taya shi shuka, ni ina sara rami, shi yana zuba iri yana rufewa da ƙafa, yana ce mini ban iya saran Kano ba.

Tsakanin shuka da nuna kuwa akwai nisa. Mutanen gari sun ɗauka mai inji na ciyar da shi. Mai inji ya ɗauka gonar ta wadatar. Matata takan ajiye wa yarinyar ɗan abin da ya samu, amma mu ma a shekarar sai na yi wa wani aiki ake ɗora tukunya. Bakane ya fara cin ganyen tafasa da rama ba gishiri. Na lura ya ɗaure cikinsa da tsumman da aka naɗe masa hannu da shi a asibiti.

Bukkarsa tana kan hanyar tsohon murhu. Ba wata hanyar sai ita.

Ranar Sallah bai je idi ba, don rigar da inji ya yaga ita ce rigarsa. Na biya da safe na ce masa in an sauko zan je gidan mai inji fiɗa, abin da aka sallame ni da shi zan kawo mu raba da la'asar. Irinmu da ba su da rago haka muke Sallah, mu feɗe na wasu mu dawo da ɗan hanji.

Muna tsakiyar aiki, rana ta take, sai muka ji salati daga bakin gari. Aka shigo da uwar mai inji a kan ƙyaure, mutum huɗu na ɗauke da ita, ɗankwalinta ya faɗi. Masu kiwo ne suka tsince ta a ramin ban-ruwa cikin rake, ƙugunta ya karye. Ita ce ta fita ƙarshe da rabon gidansu, don hantar rago biyu ta tsaya soyawa.

"Na gan shi," take ta faɗi. "Yana tsugune. Da igiyar da komai. Ya tambaye ni."

Mata suka yi caa a kanta. "Kin amsa, Inna? Kin amsa masa?"

"Ban amsa ba. Ban san ko na amsa ba."

Kafin azahar gari ya ɗauka. Wanda bai taɓa ganin hayaƙin ba ya ce ya hango shi tun da hantsi. Tsofaffi suka ce an daɗe ana rage wa baƙon rabo, ana kai masa huhu maimakon hanta, shi ya sa ya nuna kansa. Mai inji ya tsaya a tsakar gida ya ce gobe cinya guda za a kai, kuma kowane gida ya ƙara. Ban taɓa ganin garinmu ya haɗa kai a kan ciyar da wani kamar ranar ba.

Da la'asar na naɗe ɗan hanji da tumbi a ganye na nufi bukkar Bakane. Na tarar da yarinyar tana barci a inuwa, bakinta da kumatunta na ƙyalli da mai, cikinta ya tasa. Shi kuma yana zaune ya matse wani kwano mai murfi tsakanin gwiwoyinsa yana goge shi da toka. Na san kwanon. A gidan mai inji kaɗai ake da irinsa.

"Bawana, ka makara," in ji shi. "Ubangidanka ya riga ya yi Sallah."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Bakane, me ka yi?"

"Me na yi? Tun hantsi nake zaune a ƙofar nan suna wucewa, kwano a ka, ƙamshi na shigowa har cikin bukka. Na ce, 'Barkanku da Sallah, Inna.' Ko tari. Wata ta zo, 'Barka da Sallah, Gwaggo.' Kamar da kututture take wucewa. Ni na san al'adarku, ban ji haushi ba. Amma yarinyar nan ba ta san al'ada ba. Ta bi wata har bakin rake tana miƙa hannu, matar ta kauce mata kamar ta ga kunama. Ta dawo ta kwanta a nan, ko kukan ma ba ta da ƙarfinsa. Sai na ce to, rabon baƙo ne, ni ma ai ba a nan aka yanke mini cibiya ba."

"Sai ka je."

"Sai na je. Na tarar karnuka sun fara, na kore su. Ka san abin da ke wurin? Wallahi da za a tara shi, gida uku za su ci su bari. Ina tsugune ina tattarawa a gefen zane da ɗan hannun nan, sai na ɗago na ga Inna tsohuwa a kaina. Kunya ta rufe ni. Kai ka san bakina, in kunya ta kama ni wasa ke fita. Na ɗauka ta gane ni, ai ta sha ba ni goro a bakin inji. Sai na ce, 'Inna, an sauko?' don ta yi dariya ta zage ni mu rabu. Sai ta saki kwano ta juya. Tsohuwa da gudu, bawana! Gobe in na kai mata kwanonta sai na ce ta shiga sukuwa da dokin ɗanta."

Yana dariya. Na bar shi ya gama, sannan na gaya masa yadda aka shigo da ita.

Ya daina goge kwanon. Ya daɗe yana kallon yarinyar.

Na ce, "Ka saurare ni. Ba wanda ya gan ka sai ita, ita kuma ba kai ta gani ba. Ka tura kwanon nan cikin rake. Gari ya yarda fatalwa ce, gobe ma cinya za a kawo. Ka ci, ka soya saura ka ajiye, ka kai ga geronka. Gonar nan ta ɗanta ce, Bakane."

"Tana can kwance tana tsammanin an kira ta," in ji shi. "In na yi shiru, tsoro zai kashe ta kafin ƙugun. Ni na ba ta tsoron, ni zan je in karɓe abina."

"Za su karɓe gonar."

"Haba. A kan wasa? Ku Zagezagi ba ku da dabara, amma ai kuna da kunya."

Washegari da hantsi ya wanke fuska, ya ɗauki kwanon, ya bar yarinyar wurin matata. Na bi shi, a hanya muka yi ta cin karo da tsofaffi ɗauke da rabo na biyu, manyan kwanoni, ba mai kallonmu. Ya yi sallama a ƙofar mai inji, ya durƙusa, ya ajiye kwanon, ya faɗi komai bai rage ba. Ya roƙi a gaya wa Inna shi ne, ba kowa ba, ta kwantar da hankalinta, ta yafe masa.

Aka shiga aka gaya mata. Muna jin muryarta daga zaure: "Ƙarya kuke yi don ku lallashe ni. Na san Bakane, Bakane mutum ne mai jiki. Na san abin da na gani."

Ba ta san rabonta da ganinsa tun kafin jikin ya zube ba.

Aka kai magana zauren mai unguwa. Kafin a shimfiɗa tabarma ƙofa ta cika. Mutanen da jiya suke rawar jiki don tsoro, yau suna rawar jiki don fushi, kuma na ga fushin ya fi na jiya zafi, don an kwance musu abin da suka yi dare suna ɗaurawa. Wani daga baya ya ce, "Ya cinye rabon matacce. To yanzu mataccen gidan wa zai shiga?" Wata murya ta ce, "Da ma Kanawa ko a maƙabarta suka ga riba sai sun tsuguna." Aka yi dariya, amma ba irin dariyar wasanmu ba.

Mai unguwa ya ce, "Kai Bakane, ba ka san abin da aka ajiye ba naka ba ne?"

"Ranka ya daɗe, na san ba nawa ba ne. Na ga kuma ba na karnuka ba ne, su ke ci."

"Ka ji bakin," in ji mai inji. "Bakin nan ne ya karya mini uwa."

"Maigida, na yi kuskure. Yunwa ce ta kai ni, wauta ta sa ni magana. Yarinyar nan rabonta da tuwo..."

"Ka tambaye ni na hana ka?"

Duk wanda ke zauren ya san yadda ake tambayar mai inji, da yadda ake komowa.

Mai unguwa ya juya ga liman. Liman ya dubi carbinsa ya ce, "To, abin da aka zubar a daji, mai yunwa ya ɗauka, ni ban ga haramun a ciki ba. Da ma na sha faɗa wannan ajiya ba ta cikin addini." A hankali ya faɗa, kamar mai magana da tabarma. Fatun ragunan mai inji na shanye a gidan liman tun jiya. Bai ƙara ba, kuma ba wanda ya ce ya ƙara.

Na matsa na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini izini. Labarin da iyayenmu suka ba mu, baƙo ne aka manta da shi a bakin fadama har ya mutu. To ga wani baƙon a bakin fadama, da ransa. Abincin nan ta ƙofarsa ya wuce."

"Kai kuma da me ka ciyar da shi?" in ji wani. "Da hanjin da aka ba ka?" Aka sake dariya. Mai unguwa ya ɗaga mini hannu, na koma wurina.

Mai inji ya gyara zama ya faɗi maganar da har yau take kunnena. Ya ce, "Da fatalwar ce ta yi wa uwata haka, da na haƙura, na ƙara mata rabo, don wannan daga Allah ne. Amma mutum? Mutumin da na ba gona? Ba zan wuce ta fadamata ina ganinsa ba. Ya bar mini wurina."

Mai unguwa ya ce gona ta mai gona ce, aro kuma aro ne. Ya ƙara da cewa tunda zukata sun ɓaci, zai fi wa Bakane alheri ya nemi wani garin kafin abin ya yi tsami. Aka shafa fatiha. Ana fitowa na ga an wuce da cinyar a kan faifai, an rufe ta da sabon ƙyalle, za a kai murhu, don a ba baƙon haƙurin abin da aka cinye masa.

Na bi gidaje uku masu gona a tudu ina roƙon ko kunya kaɗan a ara masa. Kowa ya karɓe ni da mutunci, aka ba ni ruwa, aka tambayi iyali. Kowa kuma rakensa a injin mutum ɗaya ake matse shi. Matata ta ce a bar mana yarinyar. Bakane ya ce a'a, garin da aka ce ta ci abincin matattu ba zai bar ta ta girma a ciki ana nuna ta ba. Gaskiyarsa ne, don tun a ranar wata maƙwabciya ta janye ɗanta daga tabarmar da yarinyar ke zaune.

Da safen da zai tafi na same shi a gonar yana tsaye. Geron ya fito, layi-layi, kore shar.

"Dubi nan, bawana," ya ce. "Inda na rufe da ƙafa ya fi inda ka sara kyau."

"Ai duk ni na sara."

"Shi ya sa ya karkace."

Ya sa ni na ɗora masa yarinyar a wuya, ta riƙe kansa. Tabarma da tukunya na ɗaure masa a baya. Na raka su har inda hanya ta rabu, ta Ikara ta yi gabas. Na ce in ya sami wurin zama ya aiko. Ya ce ubangida ba ya aika wa bawa, bawa ke nemansa. Ya juya ya tafi, yarinyar na waiwayena, shi bai waiwaya ba.

A makon mai inji ya sa aka ɗaure dokin inji a tsirin gonar. Kafin a yi noman farko ba sauran ganye ɗaya.

Uwar mai inji ba ta sake takawa ba. Ta rasu da kaka, tana nan a kan cewa ba Bakane ta gani ba. Mutane suka fara cewa a hankali, ashe dai ta amsa. Da rani ya dawo, wani ɗan ci-rani daga wajen Saulawa ya ji muna zancen, ya ce ai wani mai hannu ɗaya ya yi damina a zauren garinsu yana korar tsuntsaye a gonakin mutane. Ya ce mutum ne mai ban dariya. Ƙyanda ta shigo garin, ta sami yarinyar ba jiki, ta tafi da ita gero na fitar da kai. Bayan an binne ta ya yi arewa. Na je Saulawa da ƙafata na tambaya, aka nuna mini zauren, aka nuna mini hanyar da ya bi. Daga nan ban sake samun wanda ya gan shi ba.

Bara da jajibere ina gyaran danga na ji wata tsohuwa na ba yara labarin a gindin turmi. Komai yana nan, hayaƙin da kaskon da igiyar. Sai na ji ta ce, "Kuma hannunsa ɗaya ne." Yaran suka matse juna. Na ajiye karan da ke hannuna na ce, "Gwaggo, ai mai hannu ɗayan kin san shi, kin sha kunun matarsa." Ta dube ni ta ce, "Kai dai ba ka son a yi hira," ta ci gaba. Washegari da rana ta yi ta ɗauki kwanonta ta bi ta gaban inda bukkar take a da.

Abin da na sani an rasa, ga shi. Hannun dama ɗaya. Aure ɗaya. Tsirin gona na gero da bai kai gwiwa ba. Aikin hura wuta na rani guda, da aka ba wani. Tsohuwa ɗaya. Yarinya ɗaya da ba ta kai shekara huɗu ba. Mutum ɗaya, wanda ban san ko yana raye ba.